Azurfar jirgin Gairsoppa: dukiyar wa, kuma kabarin wa?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai labarin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi zaure mu ji ta bakin manya. Kun san aikina a tashar jiragen ruwa yake, kullum ina ganin jirage suna shiga suna fita, shi ya sa abin ya taɓa ni.

Wani jirgin 'yan kasuwa ne na Ingila mai suna Gairsoppa, irin na da mai aiki da kwal da tururi, an ƙera shi a 1919. A watan Disamba na 1940 ya tashi daga Kalkata ta Indiya ɗauke da ganyen shayi da ɗanyen ƙarfe da azurfa mai yawan gaske. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, hanyar Bahar Rum ba ta biyuwa, sai ya zagayo ta ƙasan Afirka ya zo Firitawun ta Saliyo. A nan ya shiga ayarin jirage da ake kira SL 64, suka kama hanyar Ingila a ƙarshen Janairun 1941. A hanya iska da igiyar ruwa suka taso, kwal ɗinsa ya yi ƙasa, ya kasa bin ayari. Kyaftin ɗinsa, Gerald Hyland, ya yanke shawarar ya ware ya nufi garin Galway a Ailan ya ƙaro kwal. Jirgin saman Jamus ya hango shi. A daren 17 ga Fabrairu jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-101 ya sakar masa makami, cikin kamar minti 20 ya nutse. Mutum wajen 85 ne a ciki. Mutum ɗaya tak ya rayu.

Bayan shekara 70, a 2011, wani kamfanin Amurka mai suna Odyssey ya gano inda yake kwance, zurfin mita 4,700. A 2012 da 2013 suka ciro sandunan azurfa 2,792, wajen tan 110. Kamfani ya ɗauki kashi 80 cikin ɗari, gwamnatin Birtaniya ta ɗauki 20.

Tambayata ita ce: wannan abin da aka yi daidai ne? Ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, ni ban ga abin rashin kwanciyar zuciya ba. Dukiya ce tana kwance a ƙasan teku shekara 70, ba ta amfani mai rai ba, ba ta amfani mamaci ba. Wasu suka zuba jarinsu, suka yi kasada, suka ciro. Kuma ba sata suka yi ba, gwamnatin da ke da kayan ce ta ba su kwangila a 2010. Wanda ya shiga rijiya ai shi ke da babban kaso. Da sun je sun dawo hannu rabbana, wa zai mayar musu da kuɗinsu?

Injiniya:
Kafin a shiga halas da haram, bari in ɗan nuna girman aikin, don wasu za su ɗauka nutso aka yi kamar masunta. Mita 4,700 kusan kilomita biyar ke nan a tsaye. Titanic da kowa ya sani tana mita 3,800 ne, wato wannan ya fi ta zurfi da kusan kilomita guda. A can nauyin ruwa ya ninka na iskar da muke ciki sau 470 ko kusa da haka. Ɗan Adam ba ya zuwa wurin da jikinsa. Da na'urar aika sauti ake fara laluben ƙasan teku, sautin ya bugi abu ya dawo, a zana siffarsa. In an gano, sai a saukar da mutum-mutumi mai fitilu da kyamara da hannuwan ƙarfe, ɗaure da igiyar waya mai tsawon kilomitoci, masu sarrafa shi suna zaune a jirgi a sama suna kallon allo. Saukarsa kawai tana cin awanni. Sai an yanka ƙarfen jirgin, a kwashe laka da kaya, sannan a riƙa ɗauko sandunan. Kuma a arewacin Atilantika damar aiki 'yan watannin bazararsu ce kawai.

Don haka ta fuskar wahala, Ɗan Kurmi yana da gaskiya. Kuɗi aka kashe ba na wasa ba.

Baban Hanifa:
Injiniya ban musa wahalar ba. Amma mutum sama da 80 fa suka mutu a sanadin jirgin nan. Wurin kabari ne ko ma'adana?

Tsohon Malamin Tarihi:
Baban Hanifa, Allah ya yi maka albarka da ka kawo wannan. Ina so in ƙara abin da yawanci ake tsallakewa idan ana ba da labarin.

In ka ji an ce jirgin Ingila, sai ka zaci Turawa ne cike. Ba haka ba ne. Mafi yawan ma'aikatan Gairsoppa, wajen 70, 'yan Indiya ne, waɗanda Turawa ke kira laskar. Kamfanin jirgin, British India, da su yake aiki. Su ne masu zuba kwal a tukunyar wuta, su ne masu turo shi daga rumbu a baro, su ne masu girki da shara da jan igiya. Irin waɗannan ma'aikata da yawansu Musulmi ne daga yankin Bengal, irin su Silhet da Citagon, inda yau take Bangaladash. Albashinsu bai kai rabin na Bature mai aiki iri ɗaya ba. Kuma ku lura da inda suke aiki: can ƙasan jirgi, ƙarƙashin layin ruwa. Idan makami ya faɗa, masu kwal su ne mafi nisa da tsani.

Ga yadda ƙarshen ya kasance. Kwalekwalen ceto guda ɗaya ne ya kai gaɓa, wanda mataimakin kyaftin na biyu, Richard Ayres, yake jagoranta. Sama da mutum 30 suka shiga cikinsa. Watan Fabrairu ne, tsakiyar hunturu, ga ruwan sha kaɗan. Mutanen da suka taso a zafin Bengal, wasu sun fito daga gaban wuta da 'yar riga, suka tsinci kansu a sanyin da ke daskarar da yatsu. Kullum ana mutuwa. Kwana 13 suna kan ruwa. Ranar da suka hango ƙasa a yankin Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila, mutum bakwai suka rage. Suna dab da gaɓa igiyar ruwa ta kife kwalekwalen a kan duwatsu. Wasu yara mata da aka kwaso daga Landan saboda ruwan bama-bamai ne suka hango su daga saman tudu suka ruga neman taimako. Ayres kaɗai aka ciro da rai. Ya samu lambar girma, ya koma aikin teku, ya rayu har 1992.

A maƙabartar wani coci da ke kusa da wurin an binne wasu daga cikin waɗanda ruwa ya turo, har da 'yan Indiya da aka rufe ba tare da suna a kan kabarinsu ba. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai. An ƙirga sandunan azurfa ɗaya bayan ɗaya har 2,792, kowace da lambarta da hatimin gidan buga kuɗi na Bombai. Mutum kuwa an rufe shi babu suna.

Maman Sadiq:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, wallahi na karanta sau biyu. Kwana 13, har sun ga ƙasa da idonsu. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu.

Almajirin Zaure:
Amin. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya mutu ta hanyar nutsewa yana cikin shahidai, muna yi musu fatan haka.

A kan dukiyar kuma, na ga wani abu da ya ja hankalina: kashi 20 cikin ɗari da gwamnati ta karɓa daidai yake da humusi, ɗaya bisa biyar da ake fitarwa daga rikazi. Amma kada kamannin ya ruɗe mu. Rikazi dukiya ce da mutanen da can suka binne, ba a san mai ita ba. Wannan kuwa an san masu ita, akwai takardu. Ta fi kusa da tsintuwa, ita kuma tsintuwa hukuncinta a yi cigiya a mayar wa mai ita. Idan mai ita ya ce wa wani je ka nemo mini, zan ba ka kaza, wannan jinga ce, kuma an san ta a fiƙihu. Ni ɗalibi ne, ga iyakar abin da na karanta. Inda gizo ke saƙar shi ne wane ne mai ita na gaskiya.

Ɗalibar Lauya:
Allah ya gafarta Malam, a doka amsar tana da sauƙi. Lokacin yaƙi gwamnatin Birtaniya ce take tsaya wa inshorar kaya. Da jirgin ya nutse ta biya masu azurfar, don haka mallakar ta koma hannunta. Ƙa'ida ce ta inshora: wanda ya biya asara shi ke gadon abin da aka ceto. Nutsewa ba ta kashe mallaka, ko an shekara nawa.

Akwai yarjejeniyar UNESCO ta 2001 da ta hana cinikin kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, amma sai abu ya shekara 100 a ruwa take aiki a kansa. Gairsoppa yana da 70 a lokacin. Birtaniya ma ba ta cikin ƙasashen da suka rattaba mata hannu.

Ga wani misali da zai nuna muku bambancin. Jirgin Tilawa, na wannan kamfanin dai, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jafan ya nutsar da shi a Nuwamban 1942 a tekun Indiya, mutum 280 suka mutu. Shi ma yana ɗauke da azurfa. A 2017 wani kamfani ya ciro sanduna 2,364 ba tare da ya yi magana da mai kayan ba, ya kai su Ingila. Ashe azurfar ta gwamnatin Afirka ta Kudu ce, ta saya don buga kuɗi. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Birtaniya, a 2024 ta yanke cewa ba za a iya gurfanar da Afirka ta Kudu kan ladan ceton a kotun Ingila ba. Odyssey ba su faɗa wannan ramin ba saboda sun fara da kwangila.

Ɗan Kurmi:
To kun ji. Malam ya ce jinga ce, lauya ta ce doka ta yarda. Me ya rage?

Tsohon Malamin Tarihi:
Abin da ya rage, ɗana, shi ne wa ya rubuta dokar, kuma a wane hali. A 1941 Indiya tana ƙarƙashin mulkin mallaka kamar yadda muke. Ba a nemi shawarar 'yan Indiya ba aka shigar da ƙasarsu yaƙi a 1939, Gwamna Janar ne ya yi shela kawai. Azurfar daga can ta fito, masu zuba kwal daga can suka fito, shayin daga gonakinsu. Shekara biyu bayan nutsewar jirgin, a 1943, yunwa ta kashe sama da mutum miliyan 2 a Bengal ɗin nan. Da aka zo rabo bayan shekara 70, Amurka ta samu, Ingila ta samu. Ƙauyukan da suka ba da 'ya'yansu ba su cikin kason.

Ban ce kamfanin ɓarawo ba ne. Na ce takarda tana iya zama daidai alhali rabon bai yi adalci ba. Mu da aka sayi gyaɗarmu a farashin da mai saye ya yanka, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wurinmu ba.

Ɗan Kurmi:
Baba, da girmanka, amma in aka bi wannan hanyar babu ciniki ko ɗaya na zamanin Turawa da zai tsira. Kuma azurfar nan ba ƙwace aka yi daga bukkar talaka ba, ta masu kuɗi ce da suka aika da ita, aka kuma biya su. Ma'aikatan jirgi haƙƙinsu albashi ne da diyya, ba kayan da suka ɗauko ba. Direban tirela in ya yi haɗari, magadansa ba sa gadon kayan da ke bayan mota.

Baban Hanifa:
Gaskiya ne ba sa gado. Amma mai kaya na kirki, in ya zo kwashe kayansa daga inda direbansa ya rasu, ba ya tafiya bai leƙa gidan mamacin ba. Wannan ba sai doka ta ce ba.

Tsohon Malamin Tarihi:
Tunda ka ambaci albashi, bari ka ji. A farkon yaƙin, ƙa'idar jiragen 'yan kasuwa na Birtaniya ita ce ranar da jirgi ya nutse ranar albashin ma'aikaci yake tsayawa. Kwanakin da ya yi a kwalekwale yana fama da ƙishi ba a lissafa su a aiki. Sai a watan Mayun 1941 aka gyara wannan, wata uku bayan Gairsoppa. Ma'aikatan jiragen 'yan kasuwa na Birtaniya sama da 30,000 suka mutu a yaƙin nan, kuma ba soja ba ne, ba su da kaki.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni tambayata daban ce. Me ya sa Jamus za ta harbi jirgin shayi? Ai ba jirgin yaƙi ba ne.

Injiniya:
Ɗan'uwa, ai nan yaƙin yake. Birtaniya tsibiri ce, abincinta da mai da ƙarfe da yawa ta ruwa suke shigowa. Dabarar Jamus ita ce ta nutsar da jirage fiye da yadda ake iya ƙera sababbi, har yunwa ta sa a miƙa wuya. Shi ya sa aka koma tafiya a ayari, kamar fatake, jiragen yaƙi suna rakiya. Wanda ya ware daga ayari kuwa ya zama nama. Gairsoppa tsohon jirgi ne marar sauri, ga nauyin ƙarfe, ga iska tana bugunsa ta gaba. A irin wannan hali injin yana cin kwal da yawa, tafiya kuma kaɗan. Kyaftin yana tsakanin abu biyu: ya bi ayari kwal ya ƙare masa a tsakiyar teku, ko ya ware ya nufi tasha mafi kusa. Ya rage masa kamar mil 300 ya isa.

Su ma masu harbin ba su ji da daɗi ba. Cikin mutum wajen 40,000 da suka yi aiki a jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, kusan kashi uku cikin huɗu ba su koma gida ba.

Tsohon Malamin Tarihi:
Kuma Na Maraɗi, wannan hanyar ta Firitawun ba baƙuwarmu ba ce. A can ake tara jiragen da suka ɗauko kayan Afirka ta Yamma, gyaɗa da manja da kwara da koko da kuza, su shiga ayari. Gyaɗar da jirgin ƙasa ya kai Ikko daga Kano ta nan take bi. Tun yaƙin farko ma abin ya shafe mu: jirgin Apapa na kamfanin Elder Dempster ya taso daga Ikko zuwa Liverpool, aka nutsar da shi a 28 ga Nuwamban 1917 kusa da gaɓar Wales, mutum 77 suka mutu. Baban Hanifa, sunan unguwar aikinka yake ɗauke da shi.

Baban Hanifa:
Allahu akbar. Baba, yau na fara jin wannan.

Maman Sadiq:
Ni akwai abin da na gani game da jirgin da ba wanda ya ambata, kuma shi ya fi azurfar taɓa ni. A cikin kayan da aka ciro akwai wasiƙu, wajen 700. Buhunan gidan waya ne suka danne juna, laka ta rufe su, iska ba ta shiga ba, sai rubutun bai goge ba. Masana suka yi ta ɓamɓare su a hankali, a 2018 aka baje kolinsu a gidan tarihin gidan waya da ke Landan. Wasiƙun sojoji ne da 'yan kasuwa da masu wa'azi, ana gaida iyaye da mata, ana labarin Kirsimeti.

Kakana yana cikin mazan jiya da aka kai ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Kakarmu ta sha gaya mana cewa akwai lokacin da aka yi watanni babu takarda daga wurinsa, har wasu suka fara ba ta haƙuri. Ita ba ta iya karatu ba, in takarda ta zo malamin unguwa take kai wa. Ta ce ba abin da ke cikin takardar ne ya dame ta ba, zuwanta kawai shi ne shaidar yana numfashi. Shi Allah ya dawo da shi. To ku duba mutum 700 da suka yi ta jiran takardar da ke kwance a ƙasan teku. Wataƙila wata ta mutu tana zaton an manta da ita.

Shi ya sa ni ba zan ce kada a taɓa jirgin ba sam. Da ba a je neman azurfa ba, da wasiƙun nan sun ruɓe a can.

Ɗan Kurmi:
Hajiya kin faɗi abin da na kasa faɗa. Babu gwamnatin da za ta kashe wannan kuɗin don wasiƙa. Riba ce ta kai mutane can.

Ɗalibar Lauya:
Haka ne Yaya, amma a nan masana tarihin ƙasa suke jayayya da irin waɗannan kamfanoni. Suna cewa mai neman riba yana yanka inda kuɗi yake, abin da ya ci karo da shi a hanya sa'a ce kawai. Wanda ya je don ilimi yana auna komai a inda yake kafin ya taɓa. Kuma mafi yawan azurfar narkar da ita aka yi aka sayar. A 2014 gidan buga kuɗi na Ingila ya buga tsabar tunawa guda 20,000 da wani ɓangarenta, da sunan jirgin a gefensu.

Baban Hanifa:
Sunan jirgi a gefen kwabo. Na so a ce ko kashi ɗaya cikin ɗari aka ware aka nemi jikokin masu kwal ɗin nan. Ai kamfanin jirgi yana da rajistar ma'aikata, hukumar kula da kaburburan yaƙi ma tana da jerin sunayen ma'aikatan teku na Indiya, ana ajiye da shi a Bombai da Citagon. Wanda ya iya gano jirgi a zurfin kilomita biyar ba zai kasa gano ƙauye a Silhet ba.

Almajirin Zaure:
Ni abin da na fi riƙewa shi ne alfarmar mamaci. A wurinmu karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Idan akwai ragowar mutane a jirgi, to wurin yana da hurumi, ko doka ta kira shi kabari ko ba ta kira ba.

Injiniya:
Malam, a irin wannan zurfin ƙashi ba ya daɗewa, ruwan yana narkar da shi a hankali. A Titanic takalma ake gani bibbiyu a ƙasa, a inda mutum ya kwanta. Amma na fahimci maganarka, ba ƙashin kaɗai ne hurumin ba.

Ɗan Kurmi:
Ni har yanzu ina kan bakana cewa cirowar halas ce. Amma maganar neman iyalan, na yarda, da an yi da ya fi kyau. Ba zai rage musu komai ba.

Tsohon Malamin Tarihi:
Baban Hanifa, in ka samu sarari ka leƙa shafin hukumar kaburburan yaƙin, ka sa ranar 17 ga Fabrairu 1941 da sunan jirgin, ka kwafo mana sunayen da suka fito. Idona ba ya jure dogon karatu a waya yanzu. Ina so in karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Baban Hanifa:
In sha Allahu Baba. Ina tashi aiki ƙarfe shida, bayan Isha zan turo.